Kilomita Ɗaya da Ya Rufe Dutse Guda: Nazarin Gyaran Hanyar Dutsen Blue Sky a Kolorado

Ranar Talata 3 ga Satumba, 2024, aka rufe ƙofar hanya mai lamba 5 ta jihar Kolorado a Amurka, a daidai tafkin Echo, kuma hukumomi suka sanar cewa ba za a sake buɗe ta ba sai ƙarshen watan Mayun 2026. Hanyar ita ce ke hawa Dutsen Blue Sky, a cikin gandun dajin ƙasa na Arapaho, kimanin kilomita 100 yamma da birnin Denver. Tsawonta daga tafkin Echo zuwa ƙololuwa ya kai kilomita 23, amma wurin da ya lalace har ya jawo rufewar bai fi kilomita ɗaya da 'yan kai ba, a gefen wani tafki da ke can sama mai suna Summit. Saboda wannan ɗan guntun titi aka hana motoci da kekuna da masu tafiya a ƙasa bin hanyar, aka kuma kulle duk wuraren ajiye motoci da ke kanta, ciki har da na tafkin Summit, wanda daga nan ne mafi yawan masu hawan dutsen da ƙafa suke kama turba.

Wanda bai san wurin ba zai iya ganin kamar an wuce gona da iri, don haka ya kamata a fara da yanayin hanyar kanta. Babu titin kwalta a duk Arewacin Amurka da ya kai ta bisa. Tana farawa a tafkin Echo mai tsayin mita 3,230 daga gaɓar teku, ta ratsa tafkin Summit a kan mita 3,900 da ɗoriya, ta ƙare a wani fili na ajiye motoci a kan mita 4,307, wato sama da ƙololuwar Dutsen Kamaru gaba ɗayansa. Daga wannan fili ɗan hawa kaɗan ne ya rage mutum ya taka kan dutsen. Hanyar siririya ce, mota biyu ke giftawa da kyar, babu shingen ƙarfe a gefenta, kuma ba ta ɓulle ko'ina: inda aka bi aka hau, nan za a bi a sauko. Dusar ƙanƙara tana binne ta fiye da rabin shekara, shi ya sa a al'ada ake buɗe ta a ƙarshen Mayu, a rufe kilomita takwas na sama a farkon Satumba, sauran kuma a rufe su wajen farkon Oktoba idan yanayi ya bari.

Gasa tsakanin birane biyu ce ta haifi hanyar. A shekarar 1915 aka gina titin hawa dutsen Pikes Peak kusa da garin Colorado Springs, masu yawon buɗe ido suka karkata can, shugabannin Denver kuwa suka ga bai kamata a bar su a baya ba, suka nemi nasu dutsen da mota za ta hau. An daɗe ana aikin kashi-kashi, sai a 1930 titin ya isa ƙololuwa. A wancan zamani sunan dutsen Evans, sunan gwamnan yankin Kolorado John Evans, wanda a zamaninsa ne sojoji suka yi wa 'yan ƙabilun Cheyenne da Arapaho kisan gilla a Sand Creek a 1864, har abin ya ci kujerarsa a shekara mai bi. A watan Satumban 2023 hukumar tarayya mai kula da sunayen wurare ta sauya sunan zuwa Blue Sky bisa roƙon ƙabilun biyu. Wannan tarihi yana da nasa nauyin, amma abin da ya shafi nazarinmu shi ne injiniyoyin farkon ƙarni na 20 sun shimfiɗa titi a kan wata irin ƙasa da ba a gama fahimtar halinta ba a lokacin.

A gefen tafkin Summit akwai daskararriyar ƙasa, wato ƙasar da ke zama a daskare a can ciki shekara da shekaru, ko da rani ko da hunturu. Irinta ta fi yawa a Alaska da arewacin Kanada da Siberiya, a Kolorado kuwa sai a tsaunuka masu tsananin bisa ake samun ta jefi-jefi. Saman wannan ƙasa yana narkewa a watannin ɗumi, kuma da yake ƙanƙarar da ke ƙarƙashi ba ta barin ruwa ya nutse, sai wurin ya zama fadama mai ciyayi da ƙananan furanni waɗanda wasunsu ba a cika ganinsu ba sai a can kusa da ƙuryar arewacin duniya. Wannan ne ya sa gwamnatin tarayya ta ayyana wurin a matsayin abin tarihi na halitta tun 1965. Titin ya ratsa ta tsakiyar wannan fadama.

Yadda titin ya riƙa cin kansa da kansa abu ne da ya cancanci a tsaya a kai. Kwalta baƙa ce, tana zuƙar zafin rana fiye da ciyawar da ke gefenta, tana tura shi ƙasa. Kowace shekara kuma motocin kwashe dusar ƙanƙara suna share titin tun a watan Mayu don a buɗe shi, alhali filin da ke kewaye yana nan lulluɓe da farin bargonsa mai mayar da hasken rana, saboda haka ƙasan titin yana fara ɗumama makonni kafin sauran wurin. Na uku, kuma watakila shi ne mafi muni, tudun da aka ɗora titin a kai ya zama tamkar madatsar ruwa: ruwan da ya saba gangarowa a hankali ta cikin fadama sai ya taru a gefe guda, ya riƙa tsiyaya ta ƙarƙashin kwalta, ruwa mai gudu kuwa yana narkar da ƙanƙara fiye da iska. Idan ƙanƙarar cikin ƙasa ta narke sai wurin ya lotsa. Idan hunturu ya dawo, ruwan da ya taru ya sake daskarewa, ya kumbura, ya ɗaga titin a wani wuri dabam. Haka ake yi shekara bayan shekara, har wannan guntu ya koma tudu da kwari a jere, mota tana hawa tana sauka kamar kwalekwale a kan igiyar ruwa, kwalta ta tsattsage ta tsawo, gefunanta sun zaizaye, direbobi suna takawa a hankali don kada ƙasan mota ya daki titi, masu keke da ke gangarowa da gudu kuwa su ne suka fi kowa shiga haɗari.

Hukumar sufuri ta jihar ta sha yi wa wurin faci. Sai dai faci a irin wannan wuri kamar shafa farar ƙasa ne a bangon da ginshiƙinsa ke nutsewa, domin kowace sabuwar shimfiɗa baƙin abu ce da aka ƙara a kan na da, ruwan kuma yana nan yana aikinsa a ƙarƙashi. Shi ya sa aikin da aka tsara a wannan karon ya ɗauki buri biyu a haɗe, kamar yadda hukumomin suka bayyana: a sake gina titin tun daga tushe, sannan a mayar wa ruwan fadamar hanyarsa ta asali ta yadda zai wuce ba tare da ya taru a jikin titi ba. A wasu ƙasashe masu irin wannan matsala an gwada dabaru iri-iri. A Alaska ana cika ƙasan titi da manyan ɓaraguzan dutse marasa yashi don iska mai sanyi ta riƙa zagayawa a tsakaninsu da hunturu, layin dogon Chaina da ya isa Lhasa a 2006 kuma an haɗa masa wannan dabara da bututai masu zuƙe zafi daga ƙasa. Duk dabarun manufarsu ɗaya ce, a bar ƙasar a daskare yadda aka same ta, kuma ba a yin su sai an tone tsohon titi an kwashe shi.

Daga nan ne tambayar rufewa ta taso. A galibin ayyukan titi akan rufe hannu ɗaya a bar ɗaya, a sa mai tuta yana ba motoci hannu, ko a yi 'yar hanyar ratse ta wucin gadi. A tafkin Summit duka biyun ba su da sauƙi. Titin bai da faɗin da za a haƙa rami mai zurfi a rabinsa motoci suna bin ɗaya rabin lafiya. Hanyar ratse kuwa tana nufin a tura katafila cikin fadamar da ake ƙoƙarin ceto, kuma ciyayin irin wannan bisa idan aka tattake su sukan ɗauki gomman shekaru kafin su farfaɗo. Bayan haka, mafi yawan ƙasar da ke kewaye da titin an keɓe ta tun 1980 a ƙarƙashin dokar kare daji ta 1964, wadda ta haramta yin hanya da shigar da injina. Ga kuma ƙarancin lokaci. Watannin da za a iya aiki a wannan bisa ba su fi uku zuwa huɗu ba, a cikinsu ma hadari da tsawa sukan taso da rana tsaka a watannin Yuli da Agusta, dusar ƙanƙara tana iya sauka a kowane wata, iskar shaƙa kimanin kashi 60 cikin ɗari ce na abin da ake samu a gaɓar teku, wanda ke rage ƙarfin ma'aikaci da na inji baki ɗaya. Kwalta mai zafi sai an ɗauko ta a tifa daga can ƙasa, a hau da ita kwana bayan kwana, a shimfiɗa a daɓe kafin ta huce. Idan aka ce tifofin nan su riƙa jiran jerin motocin 'yan yawon buɗe ido a titin da ba a wuce juna, aikin damina ɗaya zai iya komawa na shekaru da yawa.

A ganina hukuncin rufewa gaba ɗaya daidai ne, kuma an zaɓi lokacinsa da dabara. A takarda wata ashirin da ɗoriya ne, amma da yake titin a rufe yake duk hunturu, abin da jama'a suka rasa a zahiri shi ne 'yan makonnin ƙarshen kakar ziyara ta 2024 da kakar 2025 guda ɗaya, ɗan kwangila kuma ya samu wutsiyar wata kaka da wata cikakkiya babu mai tare masa hanya. An kuma yi sanarwa watanni kafin ranar, tun kafin a buɗe kakar 2024, wanda ya ba masu niyyar zuwa damar su yi sauri, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani abin da ya sa lamarin ya ɗauki lokaci kafin a kai ga aiki shi ne yawan masu hannu a ciki. Titin mallakar hukumar sufuri ta jihar Kolorado ne. Dajin da ya ratsa yana hannun hukumar gandun daji ta tarayya, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar noma, ba kamar wuraren shaƙatawa na ƙasa da ke ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida ba. Tafkin Echo da tafkin Summit da filayen da ke gefensu kuwa na birnin Denver ne, duk da nisan da ke tsakani, domin birnin ya mallaki filaye a tsaunuka tun farkon ƙarnin da ya wuce. Ginin kansa reshen hukumar manyan hanyoyi ta tarayya mai kula da titunan filayen gwamnati ne ya jagorance shi. Kowace daga cikin waɗannan hukumomi tana da nata kasafi da nata ƙa'idoji, kuma kafin a sa diga a fadamar da doka ta kare sai an bi matakan nazarin muhalli. Mai ziyara da ya tarar da ƙofa a kulle ba ruwansa da wannan rabe-rabe, shi dai ya san an hana shi hawa.

Yanzu sai batun wuraren ajiye motoci, wanda a nan ne nauyin rufewar ya fi bayyana. Hukuma ba ta rufe dutsen ba. Turbobin ƙafa da ke cikin daji sun kasance a buɗe, duk mai iko yana iya hawa. Amma a Amurka, inda kusan kowa da motarsa yake zuwa irin waɗannan wurare, filin ajiye mota shi ne ƙofar dutse ta gaskiya, kuma inda aka sa shi ne ke yanke wanda zai iya hawa da wanda ba zai iya ba. Daga tafkin Summit, zuwa ƙololuwa da dawowa ta kan dutsen Spalding tafiyar kimanin kilomita tara ce, da hawan mita 600, abin da mai matsakaicin ƙarfi zai gama kafin azahar. Da aka kulle wannan fili, mafi kusa a wannan ɓangare ya zama na tafkin Echo, inda tafiyar ta kan turbar tafkunan Chicago ta kai kilomita 27, hawan kuma ya kusa ninka na farko sau uku. Wannan tafiyar yini guda ce cur, sai an fito tun duhun asuba idan ana so a sauko daga tsirarun duwatsu kafin tsawar rana ta fara. Ta yamma akwai wata hanya daga mashigar Guanella, wadda ta fi ta Echo gajarta, amma tana ratsa wata fadama mai kurmin ƙananan itatuwa da taɓo, sannan ta haura wani kwazazzabo mai tsananin gangara.

Mashigar Guanella kuwa da ma a cike take. Daga filinta ne ake hawa dutsen Bierstadt, ɗaya daga cikin waɗanda aka fi tururuwa a kansu a jerin tsaunuka fiye da hamsin na Kolorado da suka haura ƙafa 14,000 (kimanin mita 4,270), kuma tun kafin wannan aiki motoci kan cika filin da sassafe a ranakun hutu, sauran su jeru a gefen titi, wasu tayoyinsu a kan ciyawa. A 2025 hukumomin gundumar Clear Creek sun tsananta hana ajiye mota a gefen wannan titi. Cunkoson ya girmi rufewar Blue Sky, don haka ba daidai ba ne a ɗora mata laifinsa duka, amma dai sanannen abu ne ga masu kula da gandun daji cewa idan aka kulle fili guda mutanen ba gida suke zama ba, wani filin suke nema, kuma sau da yawa wanda suka koma bai da banɗaki da ma'aikatan da za su ɗauki ƙarin.

Waɗanda suka yi asara ta gaske su ne waɗanda ba su da wata turba. Darajar wannan titi ita ce yana kai tsoho da mai keken guragu da mace mai goyo inda ƙafarsu ba za ta taɓa kai su ba, su fito daga mota su ga awakin dutse farare suna lasar gishiri a jikin kwalta da ƙarƙashin motoci, su hango Denver can ƙasa kamar zane. A ƙasa kaɗan, a yankin dutsen Goliath, akwai itatuwan da suka haura shekara dubu a raye, da wani ɗan lambun furannin tsauni wanda cibiyar lambun tsirrai ta Denver ke taimakawa wajen kula da shi, kuma shi ma yana bayan ƙofar da aka kulle duk da yana nesa da inda ake tono. Ga irin waɗannan mutane, faɗin cewa dutsen a buɗe yake ga masu tafiya a ƙasa ba ya ƙara musu komai. Abin da ya rage musu shi ne Pikes Peak, tsohon abokin gasa, wanda aka kammala shimfiɗa wa kwalta a 2011 kuma yake da jirgin ƙasa mai hawa har sama, amma yana da nisa kuma kuɗin shigarsa ya fi yawa. Masu tseren keke ma abin ya taɓa su, domin gasar da ake yi tun 1962 daga garin Idaho Springs zuwa ƙololuwa ba ta da titin bi a 2025, garin kuma, wanda gidajen abincinsa da shagunansa ke cin kasuwar masu hawa da sauka, ya rasa wani kaso na baƙinsa na kaka guda.

Ba wannan ne karo na farko da aka yi jayayya kan wanda ke da ikon tsayawa da mota a wannan titi ba. Dokar tarayya ta 2004 da ta ba hukumar gandun daji damar karɓar kuɗi ta hana ta cajin mutum don ya ajiye mota kawai ko don ya ratsa ta kan titi, sai idan yana amfani da wurin da aka tanadi kayan more rayuwa. Wasu masu yawon daji sun kai ƙara kan kuɗin da ake karɓa a ƙofar dutsen, kuma a 2011 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Denver ta ƙi soke tsarin, a hukuncin da mai shari'a Neil Gorsuch ya rubuta, shekaru kafin ya shiga kotun ƙoli. A 2020 annobar korona ta sa aka hana motoci hawa duk kakar, aka bar titin ga masu keke da masu tafiya a ƙasa. Da aka buɗe a 2021 sai aka shigo da tsarin kama gurbi ta intanet a shafin Recreation.gov, inda mai mota zai zaɓi rana da lokacin shiga tun daga gida. Dalilin tsarin shi ne filayen ajiye motocin ƙanana ne, ba kuma za a iya faɗaɗa su ba sai an ci ciyayin da aka zo kallo.

Wannan tsari ya sauƙaƙa rufewar 2024 ta wata fuska, domin jama'a sun riga sun saba duba shafi kafin su kama hanya, kuma da aka daina sayar da gurbi saƙon ya isa ga mafi yawansu ba tare da sun ƙona mai zuwa ƙofa ba. Ya kuma nuna iyakar abin da gyaran zai iya kawowa. Sabon titi zai kawar da tudu da kwarin da ke gefen tafkin Summit, ruwan fadama zai samu mafita, amma adadin motocin da filin tafkin da na ƙololuwa ke ɗauka shi ne dai zai ci gaba da yanke yawan masu hawa a kowace rana. Ƙarkon aikin kuma ya rataya ne a kan ƙanƙarar da ke ƙarƙashinsa. Tsaunukan Kolorado suna ƙara ɗumi, daskararriyar ƙasar da ke tafkin Summit kuwa ɗan ƙarin zafi kaɗan yana iya taɓa ta. Injiniyoyi sun iya cire kason lalacewar da titin kansa ya jawo, wato zafin kwalta da ruwan da ya tare, sauran kason kuwa sai bayan hunturu da yawa sun wuce za a gani a fuskar sabuwar kwaltar ko ta tsaya a miƙe ko ta fara lotsawa.